Afil a Bakin Coci

Motar da ta kwaso mu daga iyakar Amurka ta kudu ta sauke mu a tsakiyar Manhattan da hantsi, cikin wani sanyi da ko a bakin maƙaryata ban taɓa jin irinsa ba. Ba zan ɓata muku lokaci da dajin da muka keta da ƙasashen da muka ratsa ba. Wanda ya bi hanyar ya sani, wanda bai bi ba kuwa cewa zai yi ƙari nake yi. Sunana Lawali, mutumin wani ƙauye ne a yammacin Funtuwa, kuma ba buɗe ido ya fito da ni ba. Shaida na bayar a kan 'yan bindigar da suka kashe yayana, suka aiko mini cewa in sayi likkafani. Na kai matata Hadiza gidan iyayenta a Zariya da tsohon ciki, na kama hanya. Ina can tsakiyar tafiya ta haifi Ummi, yarinyar da ban taɓa ɗauka a hannuna ba. Saboda haka buƙatata a Amurka guda ɗaya ce tak: alƙali ya ce in zauna, in ɗauko su.

Kwanakin farko a gidan saukar baƙi na yi su, ɗaki ɗaya da mutanen ƙasashe barkatai, kowa na munshari da yarensa. Abincin kuwa, wayyo, burodi mai sanyi da wani abu a tsakiya wanda har yau ban san sunansa ba. Ranar wata Juma'a na bi wasu 'yan Gine zuwa masallaci a unguwar Tremont. Ana sallamewa na ji wani a bayana ya ce, “Kai, wa ya taka mini takalmi?” Wallahi ban san lokacin da na juya na rungume shi ba. Mutum bai san ni ba, ban san shi ba, ga ni ina hawaye a kafaɗarsa saboda faɗan takalmi.

Shi ne Isuhu, Bamaraɗe, dogo, mai baki kamar reza da zuciya mai kyau. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Sabon zuwa ne, ko? Bon, taho mu tahi ka ci tuwo, ka yi kukan da hujja.” A ɗakinsu na samu katifa, a hannunsa kuma na koyi kasuwa. Kullum da safe mu hau jirgin ƙasa daga yankinmu na Bronx mu sauka kusa da Canal Street, mu shimfiɗa kaya a gefen titi: lema idan ana ruwa, tabarau idan rana ta buɗe, safar hannu da hular sanyi idan ƙanƙara ta fara. Turancina na lokacin bai wuce na ciniki ba. In ka zo saye za mu daidaita, in ka zo hira sai dai in yi ta gyaɗa kai ina murmushi.

An cuce ni, ba zan ɓoye ba. Wani ɗan ƙwalisa mai ofis a saman shagon aski a unguwar Mount Hope ya ce shi lauya ne, maganata a wurinsa kamar shan ruwa ce. Hausarsa ta fi tawa daɗi, shi ya sa na saki jiki. Na yi watanni ina zuba masa kuɗi, ranar da na je in ji inda aka kwana na tarar ana sayar da man gashi a ofishin. Mai askin ya ce ai mutumin ko makarantar lauya bai taɓa wucewa ta gabanta ba. Na fito na zauna a kan matakala na rasa wanda zan zaga, shi ko ni.

Cikin wannan halin ne Allah ya haɗa ni da Baba Walta. Wani tsohon Bature ne ya zame a kan ƙanƙara daidai gaban kayana, ya yi zaman 'yan bori, mutane na ta kewaye shi suna wucewa kamar sun ga kwali. Na ɗaga shi, na zaunar da shi a kan kujerata, na tsiyaya masa shayi mai citta daga fulas. Da ya miƙo hannu na ga tafinsa duk kanta, irin ta wanda ya yi shekaru yana riƙe da fartanya. Na tambaye shi da hannu da ka, wane aiki yake yi? Ya nuna can gangaren gari, ya yi alamar jan igiya, ya ce ƙararrawa yake kaɗawa a wani tsohon coci. Tausayinsa ya kama ni. Na ce a raina, tsoho kamar wannan, aikin da a makarantarmu ɗan aji huɗu ke yi shi ne abincinsa!

Daga ranar ya mayar da wurina zango. Ya kasa faɗin Lawali, sai Lowel. Ni ma na kasa nasa yadda yake so, na ce Baba Walta, muka yi kunnen doki. Da ya fahimci abin da lauyan bogi ya yi mini, fuskarsa ta yi jawur, washegari ya ja ni har ofishin wata mata, Lauya Miriyam, gajeruwa mai saurin magana. Ita ta ɗauki shari'ata tun daga tushe. Ranar zaman kotu, a bakin ƙofar cocin nan muka haɗu da Baba Walta, don babu nisa da kotun, muka taka tare. Na ba da labarina ta bakin tafinta, alƙali ya saurara, ya yi tambayoyinsa, daga ƙarshe ya ce ya yarda in zauna.

Na miƙe zan yi sujada a nan cikin kotu, Lauya Miriyam ta riƙe mini hannun riga. A waje ta sa tafinta ya gaya mini dalla-dalla: kada in yi murna tukuna, ɓangaren gwamnati na da wata guda su yi afil. In watan ya cika ba su yi ba, magana ta ƙare, sai shirin ɗauko iyali. In sun yi, an koma baya.

To, duk Turancin duniya wannan kalmar ba baƙuwata ba ce. Afil ai tun a gida na san ta. Kawuna ya ci shari'ar gona, aka yi masa afil, aka yi ta jan abu har ya rasu bai sake shuka ko ƙwayar gero a gonar ba. Saboda haka watan nan ban yi shi cikin hayyacina ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Akwai wani mai 'ya'yan itatuwa kusa da mu, da ya ɗaga murya yana tallan aful, wato tuffa, sai in zabura in waiwaya. Hadiza kuwa kullum tambayarta ɗaya: “Baban Ummi, an ji wani abu?” In ce mata shiru, ta ce shirun nan shi muke so.

Ranar Laraba watan ya cika. Ranar Alhamis da la'asar, titi ya cushe, manyan motoci na ta oda, sai ga Baba Walta yana sauri yana ɗaga mini sanda tun daga nesa, bakinsa har kunne. Ya kama kafaɗuna biyu ya girgiza ni.

“Lowel! A peal!”

Na ce, “Afil?”

“Yes! A peal! Saturday!”

Ya ci gaba da zuba, ni kuwa ina tsintar abin da kunnena ya iya ɗauka. Miriyam ce ta gaya masa. Saboda ni za a yi. Mutum goma sha biyu ne. Awa uku za a ɗauka. In zo bakin coci ƙarfe goma na safe, kada in makara. Ya buga mini baya, ya ce yana sauri, ya shige cikin jama'a yana waiwayowa yana dariya.

Dariyar nan ta fi komai ƙona mini rai. Na ce, yau ga tsohon banza, ana shirin mayar da ni mahauta yana washe haƙora! Sai kuma na tuna wani ya taɓa gaya mini cewa Bature ko mutuwa zai faɗa maka da murmushi yake farawa. Na lalubo waya na kira Lauya Miriyam, na'ura ta amsa. Na sake kira, na'ura. Na ƙwala wa Isuhu kira daga tsallaken titi.

“Mi ya ce? Faɗa mini yadda ya faɗa.”

Na faɗa masa. Ya riƙe haɓa.

“Sha biyu? Lawali, su ne hwa! Ba ka kallon talabijin? Mutum sha biyu ake jerawa bisa benci su yanke ma mutum hukunci. Kuma awa ukku? Wanga ba afil ɗin wasa ba ne. Avoka taka, lauyar nan, ta san abin da ta sani, shi ya sa ta ɓuya.” Kafin in ce uffan ya fizge wayar, ya zare layin, ya cusa a cikin naɗin hularsa. “Da wanga abu suke bin sawun mutum. Daga yau ba ka da waya.”

Washegari bayan an sauko Juma'a magana ta zama ta kowa. Aka kewaye ni a gaban masallaci, kowa ya zama alƙali. Wani dattijo mai tuƙa tasi ya ce shi dai tun da ya zo ƙasar nan bai taɓa jin an yi zaman kotu ranar Asabar ba. Wani ya ce ai kotun afil daban take, ba ta san Asabar ba, ba ta san Lahadi ba. Wani ya ce ƙanin matar abokinsa haka aka kira shi, daga nan sai filin jirgi. Ba wanda ya ga abin da idonsa, amma kowa ya rantse. Isuhu ya ja ni gefe ya ce akwai ɗan garinsu da zai tafi jihar Ohayo da mota gobe da safe daga Mount Hope, akwai aiki a can, ba mai tambayar sunanka.

Na kwana ina auna abu biyu. In na je bakin cocin nan, wataƙila daga can sai ankwa, sai jirgi, sai hannun mutanen da suka ce in sayi likkafani. In na shiga motar Ohayo kuwa na tsira da raina, amma na zama ɓoyayye har abada, kuma ɓoyayye ba ya ɗauko mata da 'ya. Ummi za ta girma tana ce wa gilashin waya Baba.

Da safe na haɗa jakata muka tafi Mount Hope. Mota na tsaye, inji na aiki, direba na cewa a yi sauri. Na sa ƙafa ɗaya a ciki. Sai kuma na janye ƙafar.

“Isuhu, na fasa.”

“Ka mi?”

“Na gudu daga ƙauyenmu, na gudu a daji, na gudu a kan iyaka. Gudu ya ishe ni haka. Alƙali ɗaya ya ji ni ya yarda, su ma sha biyun su ji ni. In ƙarya na yi, Allah ya ba su sa'a.”

Ya zage ni tas, ya ce taurin kan 'yan Najeriya ne zai kashe su. Na juya na nufi tashar jirgi. Ina sauka matakala na ji takun mutum a bayana, na waiwaya, shi ne, yana huci.

“Kada ka ce don kai na taho. So nike in ga inda za a kai ka, in samu abin gaya ma matarka.”

Muka iso bakin cocin kafin goma. Na sa farar shaddata a ƙarƙashin rigar sanyi, don in za a tafi da ni a tafi da ni da mutunci. Ba Baba Walta, ba Lauya Miriyam. Na duba gabas, na duba yamma, sai masu ɗaukar hoto da tattabaru. Can sai sama ta tsage.

Jama'a, na san ƙararrawa. Na san ta makaranta, guntun ƙarfen mota da ake ratayewa a bishiya. Wannan ba ita ba ce. Ƙararrawa ce bisa ƙararrawa, ƙarama ta fara da siririyar murya, ta kusa da ita ta karɓa, haka suke gangarowa har kan wata uwa mai kauri da nake jin ta a ƙashin ƙirjina. Kafin ta huce ƙaramar ta sake ɗauka. Sai kuma suka fara sauya wuri, wannan ta shiga gaban waccan, waccan ta koma baya, kamar zaren saƙa. Tattabaru suka watse. Mutane suka tsaya cak suna ɗaga kai.

Ni kuwa haushi ne ya turnuƙe ni. Na ce, “Ka gani ko? Ya ce in zo goma, ya haye sama yana aikinsa. Rayuwata na kan siraɗi, shi yana wasa da igiya!”

Muna nan tsaye sai ga wata tsohuwa da jar hula da fulas a hannu tana leƙen fuskokin mutane. Ta tsaya a gabana ta ce ko ni ne Lowel? Ita ce matar Baba Walta, Mama Jun, ya bar mata sallahun ta kula da ni. Ta rungume ni tana ta barka. Na janye jiki na tattaro ɗan Turancina na ce, Mama, afil ɗin fa, a ina za a yi?

Ta nuna saman hasumiya. Ta ce ga shi nan ai, an fara.

Na ɗaga kai. Na ce, mutum sha biyun suna can sama?

Ta ce ƙwarai, har da Miriyam.

Na dubi Isuhu, Isuhu ya dube ni. Ya ce a hankali, “Kotu bisa soro? Wagga ƙasa!” Na gyara jakata a kafaɗa na ce wa tsohuwar to ta nuna mini matakala, ni a shirye nake, gara in hau da ƙafata da a zo a ɗauke ni. Ta fara dariya, sai idonta ya sauka a kan jakar, ya dawo kan fuskata. Dariyar ta ɗauke. Ta ajiye fulas ɗin a ƙasa, ta dafe ƙirji, ta kama hannuwana biyu, ta matso da bakinta kusa da kunnena saboda ƙarar, tana faɗa ɗaya bayan ɗaya kamar mai koya wa yaro.

“No appeal, Lowel. No court. Finished. You stay.”

Ta nuna sama kuma. “This is a peal. Bells. For you.”

Ban gane duka a take ba, amma na gane babu kotu, na gane ka zauna. Na zauna daɓas a kan jakar da na haɗa don gudu. Isuhu ya yi tsalle ya doki cinyarsa. “Kariyon ne, ɗan banza! Kariyon! Haka Faransawa ke ce mishi. Ai ni tun jiya raina ya ba ni!” Na ce masa Allah ya isa tsakanina da shi, ina dariya ina share hawaye da hannun shadda.

Mama Jun ta zaunar da mu a kan wani dakali, ta zuba mana kofi, ta yi ta warware mana da baki da hannu, Isuhu na cike gurbi da Faransancinsa. Ashe kalmomi biyu ne. Akwai appeal ta kotu, wadda muke ce wa afil. Akwai kuma peal, in aka sa mata ɗan harafin “a” a gaba sai su zama tagwaye a kunne, ta ce ko su da aka haifa cikin harshen ba sa bambancewa sai da abin da ya kewaye maganar. Peal ita ce ƙarar ƙararrawa masu yawa idan aka sake su bi da bi don murna: ɗaurin aure, haihuwa, ƙarshen yaƙi. Ba a faɗin ta ga agogo mai buga lokaci, ba a faɗin ta ga ƙararrawar ƙofa. Amma ana aron ta a ba dariya, irin wadda ke fashewa ta cika ɗaki, ana kuma ba tsawa idan ta yi ta mirginawa a sama. Ta nuna Isuhu da ke ƙyaƙyatawa har yanzu ta ce, kamar wannan.

A wurin masu jan igiya kuwa, in ji ta, kalmar ta fi haka nauyi. Ba kowane kaɗawa suke kira peal ba. Sai an yi wajen awa uku ba tsayawa, kowa da igiyarsa, ba mai saki ya sha ruwa, ba mai sosa ƙeya, kuma jerin da aka buga sau ɗaya ba a maimaita shi. Duk a ka suke riƙe da lissafin. In mutum ɗaya ya rikice, shi ke nan, ta lalace. Ta ce Walta ya daɗe bai yi ba saboda kafaɗarsa, likita ma ya hana shi. Daren Laraba da suka haɗu wurin gwaji, Miriyam, wadda ita ma mai jan igiya ce, ta ce masa lokaci ya cika ba a shigar da komai ba, shi ne ya bi abokansa ɗaya bayan ɗaya yana roƙo. Ba aikin albashi ba ne ma, sha'awa ce, cikinsu har da likita da direban bas.

Kunya ta kama ni, daɗi ya fi ta yawa. Mutumin da na kira tsohon banza yana can sama yana sauke kafaɗarsa saboda ɗan tallan safar hannu. Na miƙe na kasa tsayawa wuri ɗaya. Wani Bature ya tsaya kusa da ni yana ɗaukar hasumiyar a waya, na taɓa shi na nuna ƙirjina na ce, “For me!” Ya dube ni kamar mahaukaci ya matsa. Ko a jikina. Na gaya wa mai sayar da gyaɗa, na gaya wa wasu 'yan Sin mata biyu, na gaya wa ɗan sanda, wanda jiya in na hango irinsa sai in sauya hanya. Shi kam ya ba ni hannu.

Isuhu ya buga wa 'yan Canal Street, kafin wani lokaci ga mutum biyar sun naɗe kaya sun gangaro. Ɗaya ya ɗan ɓata fuska ya ce ƙararrawar coci fa ce, Lawali. Na ce na sani. Ni Allah na roƙa, shi ya amsa mini, shi zan yi wa sujada. Waɗannan kuwa mutane ne da suka taya ni murna da abin da suka iya, kuma ban ga ranar da zan ce musu ban gode ba. Da azahar ta yi muka shimfiɗa kwalaye a wani lungu muka yi salla, ƙarfe na ta zuba a kanmu.

Duk da haka wani ɗan tsoro bai bar ni ba. Tsohuwa ce ta faɗa, ba lauya ba, kuma kunnen da ya cuce ni shekaranjiya zai iya sake cuta ta yau. Na ce ba zan kira Zariya ba sai na ji daga bakin mai shari'ar. Haka na tsaya ina kallon wata 'yar ƙaramar ƙofa a gindin hasumiya, ina addu'ar kada kowa ya rikice a sama, ina kuma addu'ar su gama.

Can sai ƙararrawar suka koma jerinsu na farko, daga ƙarama zuwa babba, suka gangaro sau kaɗan, suka tsaya ɗif. Kunnena ya ci gaba da amsawa shi kaɗai. Ƙofar ta buɗe, suka fara fitowa ɗaya ɗaya, jiƙe da gumi cikin wannan sanyin, suna yarfe hannuwa. Lauya Miriyam na hango ni ta nufo ni da faɗa: ina wayata? Tun yammacin Alhamis take nema na, ta kira ya fi a ƙirga! Na nuna Isuhu. Isuhu ya cire hula ya zaro layin ya miƙo, yana kallon wani wuri daban.

Na ce mata, Madam, faɗa mini da bakinki. Ta dube ni cikin ido ta ce ba su yi ba, lokaci ya wuce, hukuncin alƙali ya zauna. Ranar Litinin in zo mu fara maganar matata da 'yata.

Baba Walta ne ya fito a ƙarshe, yana riƙe da kafaɗa. Mama Jun ta tare shi ta raɗa masa abin da ya faru, ta nuna jakata. Tsohon nan ya dafe kai da hannu biyu, ya yi ta cewa Lowel, Lowel. Na kama hannun nan mai kanta, na ga ya fashe a wuri biyu. Duk Turancina ya gudu. Da Hausa na ce masa, “Baba, Allah ya saka da alheri,” kuma na san ya ji.

Na mayar da layi na kira Zariya, na buɗe muryar wayar don kowa ya ji. Bugu ɗaya ta ɗauka.

“Baban Ummi! Ina ka shiga? Kwana biyu wayarka a kashe, ko barci ba na yi. An yi afil ɗin ne?”

“Hadiza, ba a yi ba. Ba za a yi ba. Ki fara haɗa kayanku.”

Sai kawai ta rangaɗa guɗa, doguwa, mai kaifi, irin wadda rabona da ji tun ranar da aka kawo ta ɗakina. Kafin ta sauke na ji innarta ta karɓa daga tsakar gida, wata maƙwabciya ta ɗora, wata ta sake ɗorawa, Ummi na tsala kuka a tsakiyarsu don ta tsorata. Masu jan igiya duk suka matso, suna kallon 'yar wayar da ke hannuna.

Baba Walta ya sunkuyo ya tambaye ni, wannan fa mene ne?

Na share fuskata na ce masa, “Peal.”